Neman shawara: yaya ake tabbatar da ingancin fassarar takardar tambayoyi kan yadda mutum yake kallon jikinsa?

Ɗalibar Asawase ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da 'yan'uwa, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun makonni uku da suka wuce. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin nazarin halayyar ɗan Adam a nan Kumasi ta ƙasar Gana, kuma aikin da na zaɓa shi ne binciken yadda manya a unguwanninmu na Zango, musamman Asawase da Aboabo, suke kallon surar jikinsu: ko sun gamsu da ita, ko tana damunsu, da kuma irin muhimmancin da suke ba ta a harkokinsu na yau da kullum. Takardar tambayoyin da aka ba ni shawarar in yi amfani da ita ita ce MBSRQ-AS, wadda Thomas Cash na Jami'ar Old Dominion a Amurka ya tsara da Ingilishi. Tambayoyi 34 ne a cikinta, an kasa su rukuni biyar: yadda mutum yake ganin kyan surarsa, yawan kulawar da yake ba ta, gamsuwarsa da sassan jiki ɗaya bayan ɗaya, fargabar ƙiba, sai kuma ajin da ya sa kansa wajen nauyi.

Da na ce ina so in mayar da ita Hausa, tun da yawancin iyayenmu da zan tambaya ba za su amsa ta da Ingilishi ba, sai malamin da yake duba aikina ya miƙo mini wata maƙala da aka buga a mujallar Body Image a 2014, wadda Vossbeck-Elsebusch da Silja Vocks da abokan aikinsu suka rubuta a kan fassarar wannan takarda zuwa Jamusanci. Ya ce in je in karanta in ga abin da yake gabana. Na karanta har sau biyu, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne maganar fassarar kanta ba ta ci wuri mai yawa ba. Mafi yawan aikin lissafi ne a kan amsoshin mata 230 masu fama da larurar cin abinci da wasu mata 293 masu lafiya.

To, abin da nake so in fahimta shi ne, me ya sa Jamusawa, waɗanda harshensu ɗan'uwan Ingilishi ne kuma rayuwarsu ba ta yi nisa da ta Amurkawa ba, suka ga sai sun tara mutum fiye da 500 kafin su yarda da fassararsu? Sannan tun da an riga an nuna takardar tana aiki a Ingilishi da Jamusanci, ba zan iya kafa hujja da wannan in fassara tawa da kyau in wuce ba? Lokacin da ya rage mini bai kai shekara ba, kuɗin aikin kuma daga aljihuna yake fitowa.

Malami a unguwar Madina ta Accra ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, tambayarki ta biyu zan fara ɗauka, domin amsarta gajeriya ce: ba za ki iya ba. Hujjar da aka samu a 2014 ta rubutun Jamusancin ce, a bakin matan Jamus da suka amsa shi, kuma ba ta bin takardar zuwa wani harshe. Ko a Jamus ɗin ma, ki lura da cewa duk mata ne aka tambaya a wannan aiki, saboda haka wanda zai ba maza ita yana bukatar ƙarin hujja, balle ke da za ki kai ta Aboabo ki ba maza da mata.

Dalilin da ya sa suka sha wannan wahala kuwa kin san shi daga kasuwa. Idan kin sayi gari olonka ɗaya, wato cikin gwangwanin awo ɗaya, a wurin mutum biyu, amma gwangwanin ɗayan an bubbuga gindinsa ya shige ciki, sunan awon ɗaya ne, abin da kika kai gida kuwa ya bambanta. Fassara tana iya bubbuga gindin tambaya ba tare da mai fassarar ya sani ba, kuma karanta jimlar ba ya nuna wannan. Sai an zuba amsoshin mutane da yawa an auna sannan ake gani.

Abin da ake aunawa da farko shi ne ko tambayoyin da aka ce rukuni ɗaya ne suna tafiya tare a sabon harshen. A takardar Cash, rukunin kyan sura yana da tambayoyi 7, na kulawa da sura 12, na sassan jiki 9, na fargabar ƙiba 4, na ajin nauyi 2. Idan fassarar ta yi daidai, wanda ya amsa ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan da ƙarfi, akwai kyakkyawan zaton zai amsa sauran shidan ta wannan fuska. Ma'aunin da aka fi sani a nan shi ne alfa, wanda Cronbach ya bayyana a 1951, kuma al'adar masu bincike ita ce a nemi ya kai 0.70 ko fiye. Sai dai ina yi wa ɗalibaina gargaɗi kullum cewa alfa yana hawa da yawan tambayoyi, don haka rukuni mai 12 yana iya ba ki lamba mai kyau alhali akwai tambayoyi biyu ko uku a cikinsa da suka ɓata hanya. Dole ki duba kowace tambaya ita kaɗai.

Bayan wannan sai babban lissafin, wato tabbatar da rukunonin kansu. Ana gaya wa kwamfuta cewa ga yadda mai takardar ya kasa tambayoyinsa, sannan a tambaye ta ko amsoshin da aka tara sun yarda da wannan kaso. Lambobin da mutane suka fi dubawa su ne CFI da RMSEA, masu nuna yadda kason ya dace da amsoshin, kuma tun daga aikin Hu da Bentler na 1999 aka saba neman na farkon ya kusanci 0.95, na biyun kuma kada ya wuce kimanin 0.06. Wannan lissafi ne yake cin mutane. Ƙa'idar da ake yawan bi, ko da yake ba doka ba ce, ita ce mutum goma a kan kowace tambaya, wanda a wurinki ya kama 340.

Su kuma marasa lafiya 230 da kika ambata, ba don cike adadi aka sa su ba. An san tun farko cewa mai fama da irin wannan larura tana ƙyamar surarta kuma tana tsoron ƙiba fiye da mai lafiya, saboda haka idan takardar ta kasa raba waɗannan mata da sauran 293 ɗin, to ba abin da aka ce tana aunawa take aunawa ba. Haka kuma ana haɗa ta da wasu ma'aunai da aka riga aka yarda da su, kamar na darajar kai wanda Rosenberg ya fitar a 1965, a ga ko tana tafiya da abin da ya kamata ta tafi da shi. A nan ne za ki gamu da matsalar da Jamusawa ba su gamu da ita ba, domin su suna da ma'aunai da dama da aka riga aka inganta a harshensu, ke kuwa sai kin yi cigiya sosai kafin ki sami na Hausa da za ki jingina da shi.

Game da fassarar kanta, ki nemi jagorar da Beaton da abokan aikinsa suka buga a mujallar Spine a 2000. Mutum biyu suna fassarawa kowa daban, ɗaya ya san manufar takardar ɗaya bai sani ba, a haɗa aikinsu, wasu biyu da ba su taɓa ganin ta asali ba su mayar da shi Ingilishi, kwamiti ya zauna a kan bambance-bambancen, sannan a gwada a kan mutum 30 zuwa 40. Kafin duk wannan kuma ki nemi izinin mai takardar a rubuce, domin tana da haƙƙin mallaka.

'Yar Aboabo a Hambug ta amsa:

Malam ya yi bayanin lissafi, ni kuma zan ɗan taɓa maganar harshe, domin shekarata ta goma sha ɗaya ke nan ina aikin jinya a nan Jamus, kuma ina ba marasa lafiya irin waɗannan takardu su cike. Ƙanwata, kusancin Jamusanci da Ingilishi da kika ambata gaskiya ne, amma bai hana tuntuɓe ba. Kalmar jiki kaɗai biyu ce a wurinsu: akwai Körper, wato jikin da ake gani a auna, akwai kuma Leib, tsohuwar kalma wadda masana falsafarsu suke amfani da ita ga jikin da mutum yake ji daga ciki. Wajen ƙiba kuma akwai dick, wadda ake faɗa yau da kullum, akwai fett, wadda in ka jefi mutum da ita ka zage shi, akwai kuma übergewichtig ta bakin likita. Mai fassara dole ya zaɓi ɗaya, kuma zaɓin nan yana canza yawan mutanen da za su ce sun yarda da jimlar. Har yadda za a kira mai amsawa, ko da Sie na girmamawa ko da du na sabo, sai an yanke shawara a kansa.

Idan haka abin yake a tsakanin harsuna biyu da suka yarda cewa ƙiba abin gudu ce, ki yi tunanin namu. Duk lokacin da na zo hutu, tun kafin in ajiye jaka gwaggona take kama damtsena tana cewa Turai ba ta karɓe ni ba, na rame, wa yake hana ni abinci. Amaryar da ta yi jiki bayan wata shida ana cewa mijinta ya iya riƙo, wadda ta zube kuma sai a fara raɗa ko ciwo ne ko zaman gidan ne babu daɗi. Takardar Cash tana da tambayoyi huɗu a kan fargabar ƙiba, amma ba ta da rukuni a kan fargabar rama, alhali kin san 'yan matan da suke sayen maganin buɗe ciki a kemis don su murje kafin biki. Ba ina cewa tsoron ƙiba bai iso mu ba. Binciken lafiyar al'umma na Gana na 2014 ya nuna kimanin mata 4 cikin 10 masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kuma masu hawan jini da ciwon sukari suna jin maganar rage nauyi a asibiti kullum. Abin da nake nufi shi ne damuwa biyu ce take zaune a gida ɗaya, takardar kuwa ɗaya kawai take tambaya.

Haka nan launin fata. A jerin sassan jiki tara, an ambaci fata ne kawai a ƙarƙashin fuska, amma a ƙasar da sai da hukumar kula da abinci da magunguna ta hana shigo da man shafawa mai sinadarin hydroquinone a 2016, wannan magana ta fi ƙarfin a liƙa ta a gefen wata tambaya.

Tsohon mai fassara a unguwar Nima ta Accra ya amsa:

Ina gaishe ku duka. Da izinin Malam, ina da ja a kan nauyin da ake ɗora wa fassarar mayarwa, wato sake mayar da fassarar zuwa Ingilishi. Na san tun da Brislin ya yi rubutu a kanta a 1970 ta zama kamar farilla, kuma ban ce a bar ta ba, amma na yi shekaru ina wannan sana'a, kuma na ga yadda take yaudarar mutane. Mai fassarar da ya san za a mayar da aikinsa yakan manne wa kalmomin Ingilishi don kada a kama shi da kuskure, sai a sami Hausar da take komawa Ingilishi sumul, amma in ka karanta wa Hajiya a zaure sai ta ce ka sake faɗa da Hausa.

Ɗiyata, kafin ki zaɓi masu fassara, ki fara yanke hukuncin wace Hausa za ki rubuta. In kin ba wanda ya yi karatu a Kano ko Sakkwato, zai kawo miki daidaitacciyar Hausa mai kyau, wadda mutanenmu suke ji a rediyo su gane, amma ba ita suke magana da ita ba. Da yawa daga cikin 'yan Zango ba su rarrabe namiji da mace a magana yadda littafi ya tanada, kuma akwai kalmomin Tuwi da na Ingilishi da suka zauna a bakinmu daram. Wani in kin ce masa ƙato ko mai teɓa zai gane, amma obolo, kalmar da ake kiran mai ƙiba da ita a Gana, ita ce take fara zuwa masa. Ga kuma babbar matsala: Hausa ba ta cikin harsunan da ake koyar da rubutunsu a makarantun gwamnati a Gana, saboda haka wanda ya iya karatun boko Ingilishi ya iya, dattijon da ya iya karanta Hausa kuma sau da yawa da ajami ya saba. Ƙarshenta karanta musu za ki yi da baki. Matan Jamus da aka ba takardar sun cike ta ne da hannunsu, ba wanda yake kallon fuskarsu. Ke kuwa za ki zauna gaban sa'ar mahaifiyarki ki tambaye ta ko tana son yadda jikinta yake in ba tufafi, domin akwai tambaya mai wannan ma'ana a ciki. Ki tanadi mata su tambayi mata, maza su tambayi maza, kuma kada mai tambayar ya zama ɗan unguwar.

Ɗalibar Asawase ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Baba, maganarku ta same ni a daidai lokacin da ya kamata, domin jiya na gwada fassarar da na yi da kaina a kan mata shida a gidanmu da maƙwabta, don in ji yadda take sauka a kunne. Abubuwa biyu suka faru da ban yi zato ba.

Akwai tambayar da take neman sanin ko mutum ya taɓa ƙoƙarin rage nauyi ta hanyar ƙaurace wa abinci, ni kuma ba tare da tunani ba na rubuta azumi. Dukansu shida suka ce sau da yawa. Ɗaya ma ta dube ni da mamaki, ta fara lissafa mini na Ramadan da Sitta Shawwal da Litinin da Alhamis da ramuwar da ake binta, ta ce ko na ɗauka ita ba Musulma ba ce. Rabin jimlar da yake maganar rage nauyi ko jin sa ba su yi ba. Da na bar ta haka, da lissafina ya nuna matan Asawase sun fi kowa fargabar ƙiba, kuma da an mayar da jimlar Ingilishi ba wanda zai ga laifinta.

Na biyu kuma shi ne jerin sassan jiki. Ko na ce fuska, ko gashi, ko tsawo, amsar ɗaya ce: Alhamdulillahi, haka Allah ya yi ni. Da na matsa wa wata ta zaɓa tsakanin matakai biyar, daga rashin gamsuwa sam zuwa cikakkiyar gamsuwa, sai ta ce ita ba za ta kushe halittar Ubangiji ba. Amma bayan na rufe littafi muna hira, ita ɗin ce ta ɗaga mayafi ta nuna mini cikinta, ta ce tun haihuwa ta huɗu ya ƙi komawa, kuma ta daina ɗinka rigar da take kama jiki. Malam, yaya ake yi da amsar da take gaskiya a wurin mai ita, amma ba ta amsa abin da aka tambaya ba?

Malami a Madina ya sake amsawa:

Ƙanwata, abin da kika yi jiya shi ne matakin da Baba yake kare wa, kuma na sallama masa cewa ya fi fassarar mayarwa kama irin wannan kuskure. Ki mayar da shi tsari: ki karanta tambaya, ki bari a amsa, sannan ki ce wa mai amsawar ta faɗa miki da nata kalmomin abin da aka tambaye ta, ki rubuta. Kalmar azumi ki cire ta gaba ɗaya, ki ce hana kai abinci don jiki ya ragu. Matsalar Alhamdulillahi kuwa ta fi wuya, domin in kowa ya taru a mataki na biyar, lissafin rukunoni ba shi da abin da zai kama. Ki gwada sauya ƙofar shiga, ki tambayi yawan lokacin da sashen yake damun mutum maimakon ko ya gamsu da shi, tun da mutanenmu sun fi sakin jiki da faɗin damuwa a kan kushe halitta. Amma ki sani cewa da zarar kin yi haka kin taɓa ainihin takardar, sai kin sanar da mai ita, kin kuma rubuta a fili cewa sakamakonki ba zai jeru kai tsaye da na Jamus ko na Amurka ba.

Jamusawan ma suna da tasu ta gida, FKB-20, wadda Clement da Löwe suka fitar a 1996 da tambayoyi 20, kuma duk da haka suka fassara ta Cash domin su iya kwatanta kansu da wasu ƙasashe. Ke ma wata rana za ki zaɓa tsakanin waɗannan hanyoyi biyu, amma ba a wannan digiri ba. Shawarata ita ce ki je wurin mai duba aikinki ki nemi a taƙaita taken: fassara da gwajin fahimta a kan mutum 30 zuwa 40, sai tara amsoshi gwargwadon ƙarfinki don alfa da duba tambayoyi ɗaya-ɗaya, tare da ƙarin tambayoyi kaɗan naki a kan rama da launin fata waɗanda za ki lissafa daban. Ki shigar da takardunki ga kwamitin ɗa'ar bincike tun yanzu, domin amincewarsu takan ɗauki makonni. Idan kuma za ki maimaita gwajin a kan mutum ɗaya bayan mako biyu zuwa huɗu don ganin ko amsa tana tsayawa, ki duba kalanda da kyau, kada zagaye na farko ya faɗo a Sha'aban na biyu kuma a tsakiyar Ramadan.